Casa'in da Ɗaya

A kasuwar lemo ta Nagpur, da hantsi,
Sayali na jera kaya a kan buhu,
kakanta Digambar na kujerar roba yana kallo.
Yau ya cika casa'in da ɗaya,
bai kuwa gaya wa kowa ba.

Shida sau shida ta shimfiɗa a ƙasa,
talatin da shida, gindin gini.
Ashirin da biyar suka hau kansu,
sai sha shida, sai tara, sai huɗu,
sai ɗaya tilo can a ƙoli
da bai san nauyin da ya ɗora wa na ƙasa ba.

"Nawa ke nan?" in ji tsoho.
"Kaka, kullum sai ka tambaya.
Hawa shida, casa'in da ɗaya,
ko da wasa bai taɓa canzawa ba."

Ya ce, "Zauna in ba ki labarin lambar nan,
makira ce.
Mara ce, biyu ta zo ta koma da saura.
Uku ta gwada, ta sha kunya.
Biyar ko ƙofa ba ta samu ba.
Sai mutum ya rantse gagara-rabo ce,
irin waɗanda ba su san kowa ba
sai ɗaya, sai kansu.

Ni ma na rantse.
Ina sabon malami a Wardha, da farar riga,
na rubuta ta a allo cikin gagara-rabo.
Wani yaro a bencin baya, Namdeo,
ɗan masu tsinkar lemo, hannunsa duk ƙaya,
ya ce, 'Malam, ubana na jera ta a akwati:
layi bakwai, kowanne sha uku.'

Aji ya yi tsit.
Na lissafa a zuci, na ga haka ne.
Sai na ce ya fita ya tsaya a rana
tunda ba a ba shi izinin magana ba.

Da damina ta wuce bai dawo ba."

Wani mai babur ya tsaya, ya taya, ya wuce.
Sayali ta kori ƙuda da gefen gyale.

"Tun ranar nake bin ta kamar mai bin bashi.
Tara ɗaya da biyu da uku, har sha uku, ita ce.
Uku sau uku sau uku, ashirin da bakwai,
haɗa da huɗu sau huɗu sau huɗu, ita ce.
Mako sha uku cif, ita ce,
kwanakin da kakarki ta yi a asibiti.
'Ya'yanta kuwa, ɗaya da bakwai da sha uku,
in sun taru ashirin da ɗaya kacal,
shi ya sa littafi ke kiranta mai gibi:
abin da ta haifa bai kai ta ba.

Juya ta, ki ga sha tara."
"Shekaruna," in ji Sayali.
"Naki. Wannan ce gagara-rabo ta gaskiya.
Ni dai kama na yi da mai tauri,
alhali ta wuri biyu nake tsagewa,
sai dai ba kowa ya san inda zai sa wuƙa ba."

Ya miƙa hannu yana rawa,
ya ɗauke lemon da ke ƙoli.
"Kaka, ka ɓata min gini!"
"Saura casa'in," ya ce, yana ɓare shi da farce.
"Ita kowa ya zo sai ta raba masa:
biyu, uku, biyar, shida, tara, goma."

Ya ba ta ɓari, ya ba mai shayin gefe ɓari,
ya ajiye guda a kan gwiwarsa.
Har aka fara naɗe rumfuna yana nan,
bai sha ba, bai kuma ce na wane ne ba.